Kunun Farkon Jummare

Sallama gare ku masu bin wannan labari, har da ku da ke karantawa a ƙarƙashin tebur a wurin aiki. Wata daga cikinku ta rubuto ta ce na cika wanke kaina, wai duk rigimar da aka yi a labarin nan ni ce mai gaskiya. To 'yar'uwa, gyara zama. Yau akwai mutanen kirki a cikin labarin, amma babu ni a cikinsu.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Ummusalama, a gida Salama. A Gadarif aka haife ni, nan aka haifi uwata. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka ce bari su tsaya su yi noman damina ɗaya, har yau ba a gama daminar ba. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da bakwai. Ina da digiri a fannin abinci mai gina jiki, ina da aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa, ina da 'ya ɗaya, ba ni da miji. Mijina Sharu ya tafi aikin gona a Simsim ya dawo da zazzaɓin kalazar, ina da cikin wata huɗu aka binne shi. Na koma gidanmu wurin Umma, na haihu ranar Juma'a. Sunan yankan yarinyar Ummuhani, sunan mahaifiyar Sharu ne, don haka bakin kowa bai iya kama shi ba. Jummare muke cewa.

Aikina a cibiya shi ne in tsaya gaban mata masu goyo ranar Litinin da Laraba, riƙe da kwali mai hoton wani jariri ƙato wanda ban taɓa ganin irinsa a unguwarmu ba, in ce musu: "Wata shida nono zalla. Ranar da ya cika wata shida a fara ba shi kunu mai kauri, cokali biyu ko uku, safe da yamma. A sa gyaɗa, a ɗiga man riɗi. Kada a jira sai yaro ya rame." Ina faɗa da Larabci in sake da Hausa, don kada wata ta ce ba ta ji ba. Daktora suke kirana, ko da yake ni ba likita ba ce, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.

Jummare kuwa ta cika wata takwas ban taɓa sa mata komai a baki ba sai nono.

Kafin ku fara rubuto mini zagi, ku bari in gaya muku dalili. Ba zai wanke ni ba, amma za ku san inda za ku nufa da zagin.

Dangin Sharu a Mafaza suke, a bakin kogin Rahad, kuma suna da al'adarsu ta gida. Kunun farko na ɗan fari ba uwa ke ba shi ba. Kakar wajen uba ce ke zuwa da hatsinta, ta dama da kanta, ta sa masa a baki. Hannun da ya ba da cokalin farko kuwa, shi ke karɓar yaro ranar yaye, shi ke riƙe shi har ya girma. Shi kansa Sharu kakarsa ce ta riƙe shi. Da ya ba ni labarin muna amarci, na ce kai, abin sha'awa. Lokacin ban yi tunanin a kaina abin zai sauka ba.

Kun kuma san yadda ake da 'yar fari. Ba ki faɗin sunanta gaban manya, ba ki yi mata wasa a tsakar gida, balle ki buɗe baki ki ce kina son ki riƙe ta. Da na faɗi haka, da an ce ga abin da jami'a ke koya wa 'ya'yan mutane.

Da Sharu na raye, da ina da shekara biyu kafin a yi maganar yaye. Amma akwai Kassim.

Kassim makanikin tarakta ne a ɗaya daga cikin manyan gonakin injina na Simsim, irin gonar da za ka tsaya a farkonta ba ka hango ƙarshenta. Abokin Sharu ne, shi ya ɗauko shi a mota ranar da ciwon ya kayar da shi. Shekararsa talatin da bakwai bai yi aure ba, sai da ya gama aurar da ƙannensa mata huɗu. Jummare na da wata huɗu ya turo kawunsa wurin kawuna. A gona babu hanyar waya sai an hau saman tankin ruwa, don haka kowace safiya wannan babban mutum yakan hau tsani ya rubuto mini wasiƙar soyayya. Ga irinta:

"Salama, barka da asuba. An yi ruwa jiya. Tarakta biyu sun kafe. Ya yarinya?"

Ga wata:

"Salama, riɗi ya nuna. In ba a yanke shi cikin sati ba zai zube ƙasa. Na tuna da ke. Ya yarinya?"

Har yau ban sani ba ko zubewar riɗin ce ta tuna masa da ni. Amma ina tashi daga sallar asuba wayar nake fara lalube, kuma ranar da saƙon ya makara sai in ga shayin Umma bai yi daɗi ba.

Umma ta riga ta tsara komai. A fara ba yarinya kunu, ta yi wata biyu ko uku ta saba da abinci, a yaye ta, kakarta ta tafi da ita Mafaza, a ɗaura aure bayan an gama yankan dawa.

"Umma, da an tambaye shi ko..."

"Ko me? Kada ki kuskura ki ɗora wa bawan Allah 'yar wani. Mata ya zo nema, ba raino ba. Kin ga layin maza a ƙofar gidan nan ne?"

Ban ga layi ba.

Sai na yi nawa tsarin, irin na mai ilimi. Na ce in babu cokalin farko babu yaye, in babu yaye babu Mafaza. Shi ke nan dabarar, ba ta da kashi na biyu. Ban san abin da zan yi in ta kai wata goma ba, ban kuma yarda na yi tunanin ba.

Duk Juma'a surukata takan kira. Inna Maiturare ake ce mata, don turaren wuta take haɗawa, amaren Mafaza duk da ƙamshinta suke tarewa.

"Daktora, ya takwarata? In taho da geron?"

"Ba ta isa ba tukuna, Inna. An ce a ɗan ƙara jira."

"Wa ya ce?"

"Likitoci."

"To. Ku ne masu karatu."

Umma ma haka na gaya mata, ta yi tsaki ta ce ita 'ya'yanta tun wata huɗu suke shan koko, amma ba ta iya ja da digiri ba.

Jummare ce kawai ba ta yarda da ni ba. In muka zauna cin kisra, sinasirinmu na garin dawa, da miyar kuɓewa, idonta na bin hannun kowa daga kwano zuwa baki, bakinta na motsi, yawu na zuba a kan rigarta. Wata rana ta miƙa hannu ta damƙo gefen kisra, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na juya mata fuska wajen katanga. Ba ta yi kuka mai yawa ba. Da ta yi, da na fi jin sauƙi. A cibiya kuwa sai an watse nake ɗora ta a kan sikeli. Wata biyu layin katin awonta bai hau ba, ya miƙe sumul. Da katin wata mata ne, da na zaunar da ita na yi mata huɗuba har ta yi hawaye. Da yake nawa ne, na cusa shi can ƙasan jaka.

Ranar Juma'ar da zan ba ku labarinta, Kassim ya aiko cewa zai shigo gari sayen kayan gyaran inji, zai biyo ya gaida Umma bayan masallaci. Tun safe gidan ya rikice. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabon zanen gado a ƙarƙashin rumfa, an fito da finjalan da ba a taɓa sai ranar Salla. Umma ta soya kofi da kanta ta daka da citta. Ni kuma aka sa ni na ɗaura tob, wato laffaya, ruwan ƙasa mai ɗigon zinariya a baki, wanda ke zamewa daga kaina duk lokacin da na sunkuya, na sa 'yan kunnen Umma, na sa kwalli. Jummare na sa mata rigar da ta fi yi mata yawa, don kada a ga hannunta.

Ya zo cikin farar jallabiya mai karin guga, da rawani, da takalmin fata. Ya sha sabulu, amma baƙin man inji na nan a gefen faratansa. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ajiye ledar lemo da dabino. Ni ya ce mini, "Sannu, Salama," yana kallon ƙafar gado.

Ba a gama zuba kofin farko ba muka ji raksha, wato a-daidaita-sahu, ta tsaya a ƙofar gida. Ƙamshin ne ya fara shigowa, sandal da hawi. Sannan ita ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin tob, da ƙullin kaya a ka, ba ta yarda mai raksha ya riƙe mata ba.

"Salamu alaikum. Na gaji da jiran likitoci."

Umma ta miƙe da murna, ita a ganinta Allah ne ya haɗa mata komai rana ɗaya. Ni kuwa na rungume Jummare. Aka yi gaisuwa, aka tambayi Mafaza da kogi da masu ciwon ƙafa. Ta dubi Kassim ta ce, "Kai ne ka kawo mini Sharu gida. Ban manta ba." Ya sunkuyar da kai.

Sai ta miƙo hannu. Na ba ta Jummare.

Ba ta yi mata wasa ba. Ta ɗaga ta sama kaɗan ta sauke, kamar mai auna buhu. Ta sa hannu cikin rigar nan mai yawa ta taɓa cinya, ta taɓa dantse, ta shafa haƙarƙari. Jummare kuwa ta hango dabino a faranti ta fara miƙa, tana buɗe baki. Inna ta bi hannun yarinyar da kallo har ya kai ga dabinon, sannan ta dube ni.

"Hannatu," ta ce wa Umma, "riƙe mini takwara. Daktora, zo ki nuna mini murhu."

A madafa ta kwance ƙullinta. Garin gero ne a cikin gwangwani, da 'yar kwalbar man riɗi, da ƙaramar tukunya, da wani ɗan cokalin itace da ya yi baƙi don tsufa. Ta hura gawayi da kanta. Ba ta dube ni ba ta fara tambaya.

"Wata nawa?"

"Takwas, Inna."

"Ni ban zauna a aji ba, amma yara goma sha ɗaya suka bi ta hannuna. Cinyar nan ta 'yar wata shida ce. Nonon ne ya ja baya?"

"A'a."

"Abinci ne babu a gidan?"

"Akwai."

"Ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ta ɗora tukunya a wuta.

"To ni ce ke nan."

Na buɗe baki in musa, na ga babu amfani. Na tsaya ina murza bakin tob kamar 'yar da aka kama da hannu a tukunyar nama.

Duk da halin da nake ciki, idon aikina bai rufe ba, kuma dole in faɗi abin da na gani. Geron nan ta wanke shi ta shanya, ta soya shi sama-sama, ta daka shi da gyaɗa, ta tankaɗe da mayafi mai laushi har ya zama kamar hoda. Ta dama da ruwan da ya tafasa, tana juyawa ba tsayawa, sai da ya yi kaurin da in ta karkata cokali ba ya zuba. Ba ta sa sukari ba, ba ta sa gishiri ba. Ta ɗiga man riɗi sau uku. Ta sauke, ta ɗan ɗiga a cikin tsintsiyar hannunta ta ji zafin. Shekara huɗu na yi ina karatu kafin a ba ni kwalin da nake ɗagawa, ga shi duk abin da ke jikinsa yana cikin tukunyar matar da ba ta iya rubuta sunanta ba.

Tana fifita kunun take magana, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa.

"Da cokalin nan uwar mijina ta ba Sharu. Ya cika shekara biyu ta zo ta goya shi, ta tafi. Ban yi kuka ba, har yabona aka yi. Gidanta na ƙetaren kogi. Nakan ɗauki wankin da ba shi da datti in je bakin ruwa, ko zan hango shi. In ya gan ni sai ya ce ga matar nan mai turare. Sai da ya yi gemu ya fara ce mini Inna." Ta juya kunun. "Aka ce in yi haƙuri, nawa lokacin na zuwa, ɗan farinsa nawa ne. Na yi haƙurin. Na share ɗaki, Daktora. Na sa kafinta ya yi mata ɗan gado. Ita kaɗai ya bar mini."

Me za ki ce wa wannan? Ni da na zo da hujjoji na kimiyya a kan yaye kafin shekara biyu, babu ɗaya da ta iya fitowa. Na ce a raina shi ke nan, ta fi ni gaskiya, ta kuma fi ni iya kunu.

"Share idonki," ta ce. "Kwallin ya zubo. Ɗauko tabarma."

Muka fito. Ta zauna a tabarma a tsakiyar rumfa, ta ajiye 'yar tasa a gabanta. Umma sai murmushi take yi.

"A gidanmu uba ke riƙe yaro a cinya a ba shi kunun farko," in ji Inna. "Uban ba ya nan. Kai, mai tarakta, sauko."

"Haba Inna," in ji Umma, "ga fararen kaya, daga masallaci yake."

"Sabulu bai ƙare a Gadarif ba."

Kassim ya sauko ya tanƙwashe ƙafa. Ya karɓi Jummare da hannu biyu, a hankali, yadda na tabbata yake ɗaukar abin inji mai tsada. Ya zaunar da ita ta jingina da cikinsa, ya tallafe ta da tafin hannu ɗaya. Ta ɗaga kai ta dubi gemunsa, ta kama.

"Ka iya riƙo," in ji Inna.

"Ƙanne huɗu, Inna. Ta ƙarshen ni na goya ta."

"To ka riƙe da kyau, don ba za ka daɗe kana riƙewa ba. Ka san in na ba ta kunun nan, bayan yaye ni zan tafi da ita Mafaza."

Ya dubi Inna, ya dubi Umma. Karo na farko a ranar ya dube ni sosai.

"Ban sani ba," ya ce. "Ni na ɗauka tare za su zo."

Umma ta yi 'yar dariya. "Kassim, ai ba za mu ɗora maka nauyi ba."

"Ma'alesh, ki yi haƙuri Hajiya, ban san an yi wannan maganar ba. Na riga na sa an yi wa ɗakin daɓen siminti, saboda rarrafe. Ƙasar wurin akwai kunama. Randar ruwa ma na gina mata wuri sama, na sa murfi." Ya gyara wa Jummare zama. "Amma in al'ada ce, ba ni da ta cewa. Ku ne manya."

Jama'a, wata huɗu ni da Umma muna yanke hukunci a kan abin da mutumin nan ba zai yarda da shi ba. Kowace safiya yana hawa tankin ruwa yana rubuto "ya yarinya?", ni ina ɗauka gaisuwa ce.

Inna ta jawo tasar. Ta yi bisimilla, ta ɗebo kunu a bakin cokali, rabin cokali ma, ta hura. Ta kai shi kusa da bakin Jummare. Yarinyar ta saki gemu, ta turo kai gaba, ta buɗe baki har ana ganin haƙoranta biyu na ƙasa. Na kawar da kai. Na ce ba zan kalla ba, sannan na kalla.

Cokalin ya tsaya a iska, tsakaninsa da leɓenta bai fi faɗin yatsa ba.

"Kai, tsufa," in ji Inna. "Hannuna rawa yake yi. Zan ɓata wa bawan Allah riga. Daktora, karɓi ki ba ta."

Na dubi hannun. Matar da ke zura zare a allura ba tabarau. Ko ɗigo bai motsa a cokalin ba.

"Inna," in ji Umma a hankali, "in ita ta ba ta, ai kin san..."

"Na sani, Hannatu. Al'adar gidanmu ce, ba ta gidanku ba, kuma duk wanda zai tuhume ni a kanta yana kabari. Ke, karɓi kafin ya huce. Yarinya ta jira wata biyu, ba za ta jira ki gama kuka ba."

Na durƙusa na karɓa. Nawa hannun ne ya yi rawa, har Kassim ya ɗan matso da yarinyar don cokalin ya same ta. Na taɓa mata a leɓe. Ta haɗe fuska kamar an zage ta. Ta juya abin a baki, ta turo rabinsa waje da harshe, ya gangaro ta haɓa ya sauka a kan farar jallabiya. Kassim bai ko duba ba.

Ta haɗiye. Ta lashi leɓenta. Sannan ta kama cokalin da hannu biyu ta ja shi zuwa bakinta.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Uban ma haka ya yi."

Ta sha cokali huɗu. A na biyar ta kawar da kai, na sake kai mata, Inna ta buge mini hannu.

"Ta ce ya isa. Ba ki gaya wa matan naki haka? In yaro ya juya kai a ƙyale shi. Anjima ki ba ta nono, da yamma a sake damawa. Bayan kwana uku a murƙushe mata kabewa. Sati mai zuwa gwaiduwar ƙwai."

"To, Inna."

"Kuma nono sai ta shekara biyu. Aurenku ku yi lokacin da kuka ga dama, wannan ba ruwana, amma ba a yaye mini takwara don an gama yankan dawa."

"To, Inna," in ji Kassim.

Ta karɓi cokalin daga hannuna ta goge shi da bakin tob ɗinta, ta daɗe tana gogewa, fiye da yadda ɗan cokali ke buƙata. Ba ta mayar da shi cikin ƙullinta ba, ta ajiye shi a cinyata. Na so in kama ƙafarta in yi godiya, amma na san za ta ce in tashi kada in ba ta kunya gaban baƙo. A rayuwata na ga masu kyauta, amma ban taɓa ganin wadda ta ba da abin da ta jira shekara talatin ba, ta kuma ɗora laifin a kan tsufa don kada a ce mata an gode.

Umma ta zuba mata kofi. Ta kurɓa, ta ce citta ta yi yawa. Sannan ta ajiye finjalin.

"Saura magana ɗaya. Takwara za ta zauna da uwarta, na yarda. Amma ni ban yarda da daktorar da ke ɓoye wa yaro abinci ba, sai ina gani da idona. Inda takwara take, nan zan zauna."

Ku auna abin da kyau: mutum ya zo neman aure, ana gaya masa zai samu mata, da 'yar mijinta na fari, da uwar mijinta na fari, da tukwanen turarenta. Na kasa ɗaga ido. Na ce a raina Salama, kin samu 'yarki, ki yi ban kwana da mai tarakta.

Kassim ya ɗebe kunun da ke haɓar Jummare da ɗan yatsa, ya goge a gwiwarsa, wurin da ya riga ya ɓaci.

"Akwai ɗaki kusa da ƙofa, Inna," ya ce. "Ya fi iska, amma yana yoyo ta gabas. Ki ba ni sati biyu in sake masa jinka."

"Sati uku. Ka yi shi da kyau."

"Tamam, shi ke nan."

Suka ci gaba da shan kofi kamar sun gama cinikin akuya.

Umma ce kawai ba ta taɓa nata finjalin ba. Sai a lokacin ta gaya mana abin da ba mu sani ba: tun watan jiya ta je ta zauna da gwaggon Kassim, wadda ta riƙe shi, wadda ba ta so auren bazawara ba tun farko, ta dafa Alƙur'ani ta yi mata alkawari cewa ni kaɗai zan tare, ba goyo, ba kowa. A kan wannan sharaɗin matar ta yarda. Yanzu ga shi za a kai mata mutum uku, ɗaya mai haƙori biyu, ɗaya mai haƙori shida.

Umma ta gyara tob ɗinta, ta dubi Inna, ta dubi jallabiyar Kassim.

"Salama," ta ce, "miƙo mini wayata. Kassim, kada ka tashi. Da bakinka za ka gaya mata."